Manhaja Daban, Hidima Daban: Darasin Da Kwari Da Sabon Gari Ke Koya Wa Matasan Fasaha

Akwai wata kalma da ta zama ruwan dare a bakin 'yan kasuwar Kano a 'yan shekarun nan, wato "sabis". Ka tura kuɗi a Kantin Kwari alat ya ƙi shiga, sai a ce babu sabis. Ka sa kati a na'urar POS a bakin Kasuwar Sabon Gari ta ƙi amsa, babu sabis. Ɗan canji a Wapa yana ta duba waya yana jiran kuɗin da aka ce an turo daga Legas tun safe, shi ma sabis zai ɗora wa laifi. Kalma ɗaya ce, amma matsalolin da ke ƙarƙashinta sun kai goma, kuma kowacce da mai gyaranta daban.

Ga mai saye da sayarwa wannan ba laifi ba ne. Shi dai kuɗinsa yake so ya gani, ba ruwansa da inda waya ta tsinke. Amma ga matashin da ya karanta kwamfuta a Jami'ar Bayero ko Kano Poly, ko wanda ya shiga shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023, yake kuma fatan samun aiki a sashen fasaha na banki ko asibiti ko kamfanin biyan kuɗi, to daidai wurin da ɗan kasuwa ya ce "babu sabis" ya yi shiru, nan aikinsa yake farawa. Kuma abu na farko da zai iya rarrabewa shi ne bambancin manhaja da hidima. Za ka ga yaro ya ƙware wajen rubuta manhaja, ya san harsunan kwamfuta uku ko huɗu, amma ka tambaye shi hidimomin da kamfaninsu yake yi wa jama'a sai ya jero maka sunayen manhajoji. Nan gizo ke saƙa.

Kundin da ke bayan allo

Duk wata babbar ma'aikata da ta dogara da kwamfuta tana ajiye wani kundi na kayan fasaharta. Masu sana'ar suna kiransa CMDB. A ciki ake rubuta kowace uwar garke, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da manhajoji, da rumbunan bayanai, da layukan intanet, da manhajojin kansu, da kamfanonin da aka ba kwangilar kula da su. Tunanin ya samo asali ne daga ITIL, wani tsarin gudanar da ayyukan fasaha da wata hukumar gwamnatin Birtaniya mai suna CCTA ta fara haɗawa a shekarun 1980, wanda zubinsa na 4 ya fito a 2019. Akwai kuma ma'aunin duniya na ISO/IEC 20000 da ya fito a 2005 a kan wannan fanni.

Abin da ya raba wannan kundi da takardar ƙidayar kayan sito shi ne dangantaka. Takardar sito za ta ce maka akwai kwamfuta 40 da janareto 2, shi ke nan. Shi kuwa CMDB dole ya faɗa maka wane ne ya jingina da wane: wannan manhaja tana zaune a kan wannan uwar garke, tana ɗiban bayanai daga wancan rumbu, tana fita ta wannan layi. Kamar salsalar dangi ce. Idan aka ce wane ya kwanta rashin lafiya, ka san gidajen da za su kwana babu cefane.

A saman wannan salsala akwai hidima. A fahimtar ITIL, hidima hanya ce ta samar wa mutum sakamakon da yake so, ba tare da shi ya ɗauki nauyin kayan aiki da haɗarin da ke ciki ba. Ka lura, sakamako aka ce. Manhaja kuwa kayan aiki ce, ɗaya daga cikin abubuwan da ake haɗawa don sakamakon ya samu.

Mu sauko Kwari mu gani da ido. Wata Hajiya a Maraɗi ta kira dillalinta ta ce a haɗa mata dila 3 ta atamfa da shadda, a sa a mota. Abin da ta saya shi ne kayanta su isa Maraɗi lafiya a ranar da aka yi alkawari. Wannan ita ce hidima. Ɗan dakon da ya ɗauko dilar daga sito, da kurar da aka turo ta a kai, da motar da aka yi wa lodi, da yaron da ya rubuta rasit, duk kayan aiki ne. Gobe dillali zai iya sauya direba, ya sauya mota, ya bar ɗan dako ya ɗauki a-daidaita-sahu, Hajiya ba za ta ma sani ba muddin kaya sun isa. Kuma motar nan ɗaya tana ɗauke da kayan mutum ashirin, wasu atamfa, wasu takalma, wasu magani. Idan ta lalace a Jibiya, alkawura ashirin ne suka karye, ba ɗaya ba.

Abubuwa biyu ke nan da ya kamata su zauna a kan matashi. Hidima ɗaya tana hawa kan manhajoji da yawa. Manhaja ɗaya kuma tana ɗauke da hidimomi da yawa. Wanda ya rubuta su a kundi a matsayin abu ɗaya ya rufe wa kansa ido ta ɓangarori biyun.

Tafiyar naira dubu biyar

Ɗauki abin da kowa ya sani, cire kuɗi a wurin mai POS a Titin Faransa. Ka miƙa kati, ya danna 5,000, ka sa lambar sirri. A cikin 'yan daƙiƙoƙin da kake tsaye kana kallon na'urar, saƙon ya bar manhajar da ke cikinta, ya bi ta layin kamfanin waya da sim ɗinsa ke ciki, ya isa kwamfutocin kamfanin da ya ba shi na'urar, ko Moniepoint ne ko OPay ko PalmPay ko wani banki. Daga nan ya ratsa ta masu sada bankuna da juna, irin su NIBSS da Interswitch, ya bi ƙa'idar katin da ke hannunka, Verve ne ko Mastercard ko Visa, sannan ya ƙwanƙwasa ƙofar babbar manhajar bankinka da ke riƙe da lissafin asusunka. Ita ce za ta ce akwai kuɗi ko babu. Amsar kuma ta sake biyo hanya ta dawo. Alat ɗin da zai shigo wayarka ma wata manhajar ce daban take turo shi, shi ya sa wani lokaci kuɗi ya fita amma alat sai da daddare.

Hidimar sunanta "cire kuɗi da kati a wurin wakili". Ita kaɗai ce abin da kai da mai POS kuka sani. Amma a ƙalla tsani biyar ko shida ta taka.

Yanzu ga lissafin da ke tayar da hankali. A ce kowane tsani daga cikin biyar yana aiki kashi 99.9 cikin 100 na lokaci. Wannan adadi ne da kowane injiniya zai yi alfahari da shi, don a wata mai kwana 30 bai wuce minti 43 na tsayawa ba. Amma da yake dole dukkansu su kasance a tsaye lokaci guda kafin kuɗi ya fita, idan kowanne ya faɗi a lokacinsa daban, hidimar za ta sauko kusan kashi 99.5, wato wajen awa 3 da rabi a wata. Kowane mai kula da manhaja zai kai rahoto cewa tasa lafiya lau, kuma bai yi ƙarya ba. Mai POS kuwa ya yi asarar cinikin rabin wuni. Masu wannan sana'a suna da suna mai daɗi da suke kiran irin wannan rahoto, rahoton kankana: waje kore shar, ciki ja wur.

Kamfanin da ya rubuta sunan manhaja a gurbin hidima, kankana zai riƙa ci kullum. Allon sa idonsa zai nuna fitilu koraye, wayar masu karɓar koke kuma tana ta ruri. Shugaba zai tambaya, "Me ya lalace?" A ce masa babu. Ya ce to me ya sa 'yan Kwari suke zaginmu? Babu mai amsa, domin a kundin babu wani layi mai suna "tura kuɗi zuwa wani banki" da za a auna. Akwai dai manhajar waya, ita kuma tana buɗewa tsaf, har da hoton maraba.

Lokacin da abin ya fito fili

Ba sai mun yi ta misali ba, ƙasar nan ta ga abin da idonta. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardun naira suka yi ɓatan dabo, jama'a suka koma taransifa gaba ɗaya, har mai shayi da mai kayan miya. Manhajojin bankuna da dama suka kasa ɗaukar nauyin. Me mutane suka yi? Suka buɗe asusu a OPay da PalmPay da Moniepoint, suka ci gaba da ciniki. Ba su yi wa wata manhaja kara ba. Hidimar suke bi, duk inda ta koma nan za su.

Sai ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, a kwanakin farko na azumi, daidai lokacin da Kwari ta fara cika da masu sayayyar kayan Sallah. Manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Yammacin Afirka, wajen ƙasar Kwaddibuwa. Intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama, bankuna a Najeriya suka riƙa aika wa abokan hulɗarsu saƙon ban haƙuri. Babu wanda ya taɓa manhajar kowa a ranar, ko harafi ɗaya ba a sauya ba. Waya ce ta lalace a ƙasan teku, nisan sama da kilomita dubu daga Fagge, amma mai shago a Kwari ya ji a jikinsa. A irin wannan rana, tambayar da ake yi wa sashen fasaha ita ce: waɗanne hidimominmu ne suke bi ta wannan layi, waɗanne ne za mu iya karkatarwa ta wani, wanne za mu fara ceto? Wanda kundinsa ya haɗa hidima da layin da take bi zai amsa cikin minti biyar. Wanda jerin manhajoji kawai yake da shi sai ya tara mutane a ɗaki ana ta canki-canka.

A ƙarshen shekarar kuma aka ga ɗaya fuskar. Tsakanin Satumba da Oktoban 2024 wasu manyan bankuna suka sauya babbar manhajar da ke riƙe da asusun jama'a: Sterling ya koma SeaBaaS, Zenith ya koma Flexcube, GTBank ya koma Finacle. An sha ƙorafi na kwanaki a lokacin sauyin. Amma abin lura a nan, bayan ƙura ta lafa, hidimomin suna nan da sunayensu: buɗe asusu, tura kuɗi, biyan albashi, cire kuɗi. An sauya mota ne, alkawarin kai kaya bai sauya ba. Da a ce an gina kundi da yarjejeniyoyi da tarihin koke-koke a kan sunan tsohuwar manhaja, ranar da aka cire ta sai komai ya bi ta.

Wanda ya fi taɓa matasa shi ne na JAMB. Ranar 14 ga Mayu, 2025, shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an samu kuskure da ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas biyar, saboda wani gyara da ba a ɗora shi daidai a kan wasu uwayen garke ba. Aka sake musu jarrabawa. Ka duba da kyau: kwamfutoci sun kunnu, tambayoyi sun fito, yara sun danna amsa, sakamako ya fita. Ta fuskar "manhaja tana aiki ko ba ta aiki", an ci nasara. Amma abin da ɗalibi ya biya kuɗi dominsa, wato a auna iliminsa daidai a ba shi makin da ya samu, bai samu ba. Ni a ganina babu misalin da ya fi wannan nuna cewa auna lafiyar manhaja da auna lafiyar hidima ba abu ɗaya ba ne.

To yaya za ka gane wanne ne wanne?

Hanya mafi sauƙi ita ce ka gwada sunan a bakin kasuwa. Je ka wurin dattijon da ke sayar da yadi, ka faɗa masa sunan. Idan ya gane ba tare da ka yi masa bayani ba, kuma ya ce "ƙwarai, ina bukatar wannan", to hidima ce. Biyan kuɗin makaranta, ganin likita, sayen katin wuta, karɓar albashi. Idan kuwa ya ce "mene ne kuma haka?", to akwai alamar kayan aiki ka ambata. Yawanci sunan hidima yana da aiki a cikinsa, ana yi wa wani wani abu. Sunan manhaja kuwa sunan yanka ne da kamfanin da ya ƙera ta ya raɗa mata, sau da yawa da lambar zubi a gefe.

Sannan ka tambayi kanka, idan gobe aka kori kamfanin da ya sayar mana da wannan abu aka kawo wani, sunan zai tsira? Idan zai tsira, hidima ce. Ka kuma nemi mai ita. Mai manhaja yana sashen fasaha, shi ya san lasisinta da ranar ƙarewarsa da gyaran da za a ɗora mata. Mai hidima kuwa yawanci ba injiniya ba ne. Shi ne wanda idan abin ya tsaya za a kira shi a gaban shugabanni, kamar shugaban sashen albashi ko mai kula da wakilan POS na shiyyar Kano. Idan ka rasa wanda zai ce "tawa ce" a ɓangaren kasuwanci, to ka yi shakkar abin da ka rubuta.

Akwai kuma alkawari. Hidima tana da lokaci, tana da farashi, tana da waɗanda aka yi wa ita. Wannan wuri ne da sanin gari yake da amfani fiye da takardar shaida. Injiniyan da ke Legas zai iya cewa bari mu kashe manhaja mu yi gyara ranar Lahadi da rana, ai ba kowa. A Sabon Gari, inda shaguna da yawa ke rufe ranar Lahadi, wataƙila ya yi daidai. A Kwari kuwa ciniki ake yi, sai dai ka nemi lokacin da aka tafi Masallacin Juma'a ko tsakar dare. Goman ƙarshe na azumi a Kwari, ko makon Kirsimeti a tashar New Road lokacin da manyan motoci ke lodin fasinja zuwa Kudu, minti 43 na tsayawa ba ɗaya yake da minti 43 na ƙarfe ukun dare a watan da babu ciniki ba. Manhajar ɗaya ce, unguwannin ma a ƙaramar hukuma ɗaya suke, tafiyar ƙafa ce tsakaninsu, amma alkawarin ya bambanta. Manhaja ba ta san azumi ba. A layin hidima ne kawai ake iya rubuta wannan.

Tsanin tsakiya da ake yawan mantawa

Kamfanin ServiceNow na Amurka, wanda manyan ma'aikatu da yawa ke amfani da manhajarsa wajen wannan aiki, ya fitar da wani tsari mai suna CSDM don warware wannan rikici. Ko ba za ka taɓa amfani da kayansu ba, rabon da suka yi yana da amfani a sani.

Sun raba manhaja gida biyu. Akwai manhaja a takarda: sunanta, wanda ya ƙera ta, nawa ake biya, yaushe za a yi ritayarta. Wannan layi ɗaya ne a kundi, na masu tsare-tsare da kasafi. Akwai kuma manhaja a bakin aiki, wato kwafinta da aka kafa yake gudana a kan wasu kwamfutoci takamaimai. Manhaja ɗaya a takarda za ta iya zama uku a bakin aiki: wadda jama'a ke amfani da ita, wadda ake gwaji a kanta, da wadda aka ajiye a wani gari don ko-ta-kwana. Idan matsala ta faru, ba manhajar takarda ce ta faɗi ba, ɗaya daga cikin kwafin nan ne. Da shi ake ɗaura rahoton matsala, daga shi kuma kibiya take hawa sama zuwa hidimar da abin ya shafa. Ka tuna batun JAMB: ba ko'ina abin ya faru ba, cibiyoyin Kano ba sa cikin jerin. Wasu kwamfutoci ne takamaimai, su kuma suka ja wasu cibiyoyi takamaimai.

Sun kuma raba hidima gida biyu, ta kasuwanci da ta fasaha. Ta kasuwanci ita ce wadda muka yi ta magana a kai. Ta fasaha kuwa ita ce wadda sashen fasaha yake yi wa kansa da sauran sassa, kamar samar da intanet a ofis ko wurin ajiyar bayanai. A nan sai ka san a ina kake tsaye. A 2018 an fara kai wa shagunan Kasuwar Sabon Gari wutar sola a ƙarƙashin wani shiri na Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. Ga kamfanin da ke ba da wutar, ita ce hajarsa, ita yake sayarwa, don haka hidimar kasuwanci ce. Ga tela mai keken ɗinki a cikin kasuwar, wutar abin jingina ce kawai, shi ɗinki yake sayarwa. Abu ɗaya, matsayi biyu, ya danganta da kundin wa kake rubutawa. Rabin gardamar da ake yi a ofisoshi kan "wannan hidima ce ko ba hidima ba ce" daga rashin tsayar da wannan take tasowa.

Na san wani zai ce, Malam, ai a bakin mutane manhajar ita ce hidimar. Ana cewa "yi min OPay", ana cewa "turo ta WhatsApp". Gaskiya ne, kuma ba sabon abu ba ne. Mun daɗe muna kiran kowane garin sabulu Omo, kowane ɗanɗanon miya Maggi. Mai kanti ba ya gardama da kai, ya san abin da kake nufi, amma a littafinsa ya san wane kwali ya buɗe. Haka ya kamata mai karɓar koke ya yi. Ya karɓi maganar mutum da sunan da ya saba, kada ya tsaya yi masa gyara, sannan ya fassara ta zuwa layin da ya dace. Wanda ya kira ya ce manhajarku ba ta yi, sai a tambaye shi me yake son yi da ita: tura kuɗi, sayen kati, ko duba abin da ya rage? Amsarsa ita ce hidimar. Sau da yawa za ka tarar biyu suna yi, ɗaya ce ta tsaya.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya gefen. Da zarar sun gane batun sai su mayar da kowane maɓalli hidima, ka ga ƙaramin kamfani da jerin hidimomi ɗari uku. Wannan ma shirme ne, don babu mai iya kula da shi, bayan wata shida kundin ya zama kufai. Idan shugaban kamfani ba zai iya karanta jerin a zama ɗaya ya gane kasuwancinsa a ciki ba, an yi yawa.

Ga wanda yake son ya gwada hannunsa, ba sai ya jira an ɗauke shi aiki ba, ba ya ma bukatar lasisin wata manhaja mai tsada. Takarda da biro sun isa. Ka zauna a shagon maigidanka ko na yayanka a Kwari ko Titin Beirut, ka tambaye shi abubuwan da yake yi wa mutane alkawari. Zai ce maka sayarwa a shago, aika kaya wani gari, ba da kaya bashi ga amintattu, karɓar kuɗi ta taransifa. Rubuta su a sama. A ƙasa ka jero abin da kowanne ya jingina da shi: wayar da ke karɓar alat, lambar WhatsApp da ake tura hotunan kaya, na'urar POS, littafin bashi, wutar caji, har yaron da shi kaɗai ya san lambar sirri. Ja layi tsakaninsu. Zan iya cin amana a kan cewa za ka tarar da waya ɗaya tilo da layuka huɗu suka haɗu a kanta, wadda idan aka sace ta a cunkoson bakin kasuwa rabin shagon ya tsaya. Wannan takarda CMDB ce, ƙarama dai. Wanda ya kai ta gaban masu ɗaukar aiki ya yi bayaninta ya fi wanda ya haddace ma'anoni.

Kuma idan ka zo zana ta kamfanin biyan kuɗi, ka nemi wata hidima da ba za ka gan ta a jerin manhajoji ba, ita ce mayar da kuɗin da aka zare ba a biya ba. Kowa a Fagge ya san zafinta: an cire maka, mai POS bai gani ba, kuna tsaye kuna kallon juna. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya sa mata wa'adi: awa 48 idan a ATM ɗin wani banki abin ya faru, awa 72 idan a POS ne ko ta intanet. Tana da wa'adi, tana da masu jiranta, tana da hukumar da za ta tuhume ka a kanta. Amma ba ta da tambari a fuskar waya. Tana warwatse ne tsakanin manhajar karɓar koke, da rahoton sasanta lissafi tsakanin bankuna, da wani ma'aikaci da ke duba jadawali yana dannawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fara kundinsa daga manhajoji ba zai taɓa cin karo da ita ba, don haka ba za a naɗa mata mai ita ba, ba za a auna ta ba, kuma ranar da ma'aikacin nan ya tafi hutu babu fitilar da za ta yi ja a allon kowa.